Tambaya da Amsa: 'Yata ta iya lissafi, amma haruffa sun rikita ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Tun tana firamare babu darasin da ta fi iyawa kamar lissafi, ita ce ma ke karɓar mini kuɗin ƙosai ta ba da canji. Amma tun da aka fara sa musu x da y sai ta koma baya, har kuka take yi idan an ba su aikin gida. Ni ban yi nisa a boko ba. Yaya zan taimaka mata? — Wata uwa daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya ta, Ya yi mata albarka. Yarinyar da ke ba da canji daidai ana ta hayaniya a kanta, ƙwaƙwalwarta lafiya lau. Zargina shi ne an zuba mata haruffa a allo, ba a gaya mata abin da suke wakilta ba.

Ki gwada wannan yau da daddare. Ki ce mata: na aiki ƙaninki shago da naira 1,050, ya sayo littafin rubutu uku da biro na naira 150, babu canji. Nawa ne littafi ɗaya? Na tabbata za ta cire 150, saura 900, ta raba uku, ta ce miki 300. To, sai ta ɗauko takarda ta rubuta 3x + 150 = 1050, ki ce mata abin da ta gama yi da ka ke nan. Wannan x ɗin kuɗin littafi ne da ba mu sani ba tukuna, shi ke nan.

Haka ma ilimin ya faro. Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabra, wato wannan reshen lissafi da 'yarki ke koyo, a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa al-Ma'amun, bai yi amfani da x ko ɗaya ba. Da zance ya yi bayanin komai, kuma babban kaso na littafin a kan rabon gado ne da wasiyya. Sai a 1637 René Descartes na Faransa ya yaɗa sa x da y da z a madadin abin da ake nema.

Inda na fi so ki tsaya shi ne alamar daidai, wato layuka biyun nan (=). A firamare yaro yakan ɗauka ma'anarta "ga amsa nan tafe". A aljabra kuwa sikeli ce irin ta mai nama: gefe biyu nauyinsu ɗaya, abin da ka cire a dama sai ka cire irinsa a hagu, in ba haka ba ta rinjaya. Malamai da yawa, saboda cunkoson aji da ƙarancin lokaci, sukan haddatar da yara cewa idan lamba ta tsallaka ɗaya gefen sai alamarta ta canza. Ina da ja sosai a kan wannan hadda. Tana aiki a tarawa da ɗebewa, amma da yaro ya iso 3x = 900 sai ya rubuta x = 900 − 3, ya sami 897, kuma a ganinsa ya bi doka. Wanda ya gane cewa 3x littafi uku ne ba zai yi haka ba, rabawa zai yi.

Ki kuma tambaye ta: idan x 4 ce, nawa ne 3x? In ta ce 34, ba ta san cewa uku sau x ake nufi ba, amsar 12 ce. Sannan ki ce ta cire 7 daga 3. In ta ce ba ya yiwuwa, to a nan gyaran yake, domin lambobin ƙasa da sifili ne ke kayar da yara da yawa a wannan aji. Ki ce mata tana da naira 3, ana bin ta 7, saura bashin 4.

Ba sai kin iya karatun littafinta ba, Hajiya. Ki zaunar da ita kusa da ke ta yi miki bayanin kowane mataki da Hausa, da bakinta. Duk inda ta ce "haka Malam ya ce" ba tare da dalili ba, ta sa alama ta kai wa malaminta gobe. Kuma kada ta rufe littafi sai ta mayar da amsarta cikin tambayar: uku sau 300 a tara da 150, shin ya ba da 1,050? In ya ba da, ta san ta yi daidai tun kafin a duba mata.

Kada a bari sai aji uku, lokacin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Lissafin babbar sakandare a kan wannan aka ɗora shi, kuma yawancin kwasa-kwasan jami'a suna neman kiredit a lissafi a WAEC ko NECO. Ki samu malamin a cikin wannan zangon, ki roƙe shi ya koma da ita kan lambobin ƙasa da sifili kafin su wuce gaba.