Ta ina zan fara koyon Koriyanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, kallon fina-finan Koriya ne ya sa yarensu ya shiga raina. Na haddace kalmomi kusan talatin daga bakin 'yan wasa, amma ko jimla ɗaya ban iya haɗawa ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ɗan jingine haddar nan tukuna, ki fara da rubutunsu, wato Hangul. Da yawa suna ganinsa sai gabansu ya faɗi, a zatonsu irin na Sin ne mai dubban alamomi. Ko kusa. Sarki Sejong ne ya samar da shi a 1443, aka fitar wa jama'a a 1446, don talaka ma ya iya karatu. Ainihin haruffan da ake amfani da su yau 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, ana tara su gaɓa-gaɓa kamar ɗora bulo kan bulo. Duk wadda ta taɓa haɗa baƙi da wasali a allo, mako ɗaya ko biyu ya ishe ta.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne rubuta Koriyanci da haruffan boko yana yaudarar kunne. Dubi 불, 풀 da 뿔: wuta, ciyawa da ƙaho. Baƙo zai ji su kusan ɗaya, kamar yadda mai koyon Hausa yake kasa raba kafa da ƙafa. A Hangul kuwa idonki na ganin bambancin, sai kunne ya biyo baya.

Sai inda nake ji miki tsoro. 'Yan wasa galibi suna magana ne irin ta abokai da masoya, wadda ake kira banmal. Idan kika ce wa dattijo "annyeong" kawai, tamkar kin kira kawunki da sunansa ne a gaban jama'a. Ki riƙe siffar ladabi mai ƙarewa da "yo" ko "mnida": annyeonghaseyo a gaisuwa, gamsahamnida a godiya, joesonghamnida a neman afuwa. Kalmar "ne" ita ce e, "aniyo" kuma a'a. Ko kalmar oppa da kike yawan ji tana da ƙa'ida: mace ce ke kiran yayanta namiji da ita, yayarta mace kuma eonni. Namiji kuwa "hyeong" yake kiran yayansa namiji, yayarsa mace kuma "nuna".

Batun jimla kuma, aikatau a ƙarshe yake zuwa, kuma juseyo ita ce mabuɗinki na farko. Ki sa sunan abu, ki bi shi da ita: mul juseyo, a ba ni ruwa, bap juseyo, a ba ni abinci. A kasuwa, eolmayeyo na nufin nawa ne. Musulma kuwa lallai ta san dwaejigogi, naman alade, domin yana shiga girkinsu sosai. "Dwaejigogi ppae juseyo" na nufin a cire naman alade.

Ƙirga iri biyu suke yi. Il, i, sam (ɗaya, biyu, uku) ta kuɗi ce da kwanan wata da mintuna. Hana, dul, set ta awanni ce da shekarun mutum. Ki fara da ta kuɗi.

In kina son malami, Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja tana koyar da harshen, makarantar King Sejong Institute kuma tana da darussan masu farawa kyauta a intanet. A daren yau ki zauna da wasulan nan goma, kina rubutawa kina furtawa da ƙarfi.