Kawu, ga amsar maganar yaranmu da hotunan gidan tarihi

Kawu barka da war haka, na ga tambayarka, wai mu Hausawan Jamus mun saki yara suna kallon gumaka da tsiraici. Wlh ba sakinsu muka yi ba, nan makaranta dole ce kuma irin wannan fitar cikin karatun take.

Gidan da suka je na mai zane Albrecht Dürer ne a nan Nürnberg, an haife shi 1471 ya mutu 1528, ubansa maƙerin zinariya ne shi ya sa tun yana yaro hannunsa ya faɗa da aikin ƙarfe. Farantin jan ƙarfe yake samu ya yi ta karta zane da tsinke mai kaifi, a shafe shi da tawada a goge saman, wadda ta maƙale cikin kartar ita ke hawa takarda mai danshi in an matse a inji, faranti ɗaya sai ya fitar da kwafi barkatai har matarsa Agnes tana kaiwa kasuwa.

Wanda ya ɗaga maka hankali kuwa na Hercules ne, wajen 1498 ya yi shi. Tatsuniyar Girkawa ce, Hercules yana saurayi ya iso mararraba mata biyu suka tare shi, ɗaya na kiransa ga holewa ɗaya ga wahala da mutunci. Shi Dürer sai ya zana mai sutura ta ɗaga kulki za ta maka wa tsirarar da ke jikin wani mai ƙafar akuya, Hercules ya gitta sanda tsakani, har yau masana na musu kan wa yake goya wa baya. Ba bauta musu ake ba fa, shi Dürer kansa Kirista ne, wa'azi ne a hoto, ko da yake ni dai ina ganin tsirarar ta fi ja masa kasuwa.

Mu a nan ba bakinmu ɗaya ba. Wasu iyayen sukan je wajen ticha su nemi a ɗauke wa yaro, wasu kuma, har da 'yan uwanmu na zangon Gana, sukan bari ya je, ran Asabar a Islamiyya malam ya sa shi ya faɗi abin da ya gani sannan ya yi masa bayanin hukuncin zanen mai rai da kallon al'aura. Ni da na bayan nake, don ko ka hana shi zuwa akwai irinsu cikin littafin ajinsu.