Tambaya da Amsa: Faifan C ya cika, D kuwa wayam

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutata mai Windows 11 ce, faifan C na SSD ne (irin mai sauri, marar juyawa) mai gigabait 128, sai na biyu, D, irin mai juyawa, terabait 1. Layin da ke nuna cikar C ya koma ja, sabuntawa ta ƙi shiga, D kuwa babu komai a cikinsa. Zan iya kwashe kaya in zuba a can ba tare da na ɓata wani abu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, sai dai ba kowane kaya ne yake yarda da ƙaura ba. Jan layin nan yana nufin abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma Windows na buƙatar fili ta sauke sabuntawa ta warware ta kafin ta girka.

Fara da kayanka na kanka, don su suka fi cin wuri: Downloads, Videos, Pictures da Documents. Buɗe D ka ƙirƙiri folda ga kowanne, misali D:\Downloads. Koma kan ta asali, danna ɓangaren dama na linzami, zaɓi Properties, shiga Location, danna Move, nuna sabuwar foldar. Za ta tambaye ka ko a kwashe tsofaffin fayiloli, ka ce e. Daga nan duk abin da ka sauke can zai faɗa.

A nan ake yawan yin tuntuɓe. Kada ka nuna mata D:\ tsurarsa. Idan ka yi haka, faifan gaba ɗaya zai zama Downloads, komai ya cakuɗe, kuma raba su daga baya aiki ne ja. Dole akwai sunan folda bayan harafin. Idan kuma OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ne yake riƙe da Documents ko Pictures, ƙaurar na iya ƙi; dakatar da ajiyarsa ta waɗannan foldoji tukuna.

Sai ka toshe hanyar sake cika. A Settings shiga System, sannan Storage, Advanced storage settings, Where new content is saved, ka mai da bidiyo, hotuna da kiɗa zuwa D.

Kafin ka rufe shafin Storage, leƙa Temporary files. Idan an yi babbar sabuntawa kwanan nan, za ka ga tsohuwar Windows ɗinka a ajiye, wato Windows.old, wadda kan haura gigabait 10. Ita da kanta takan goge bayan kwana 10. Kana iya share ta yanzu, amma ka sani da ita ake komawa tsohon zubi idan sabon ya ba da matsala.

Tambaya: Na yanke foldar wata manhaja daga Program Files na liƙa a D, yanzu ta ƙi buɗewa. Me ya faru?

Amsa: 'Yar'uwa, manhaja ba hoto ba ce da za a ɗauke a ajiye ko'ina. Lokacin girka ta, tana rubuta adireshinta a rajistar Windows, gajerun hanyoyin buɗe ta ma can suke nunawa. Kin sauya mata gida, rajista kuwa tana ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Mai da foldar inda take, cire manhajar ta hanyar Settings da Apps, sannan ki sake girka ta, ki sauya wurin zuwa D idan ta tambaya. Wasu manhajojin Microsoft Store suna da maɓallin Move, manhajar wasanni ta Steam ma tana barin a ƙaurar da wasanni daga saitinta.

Shawararmu dai, manhajar da kike buɗewa kullum ta zauna a C. Faifai mai juyawa yakan karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa wajen 550, kuma tazarar ta fi haka a ƙananan fayiloli. Foldojin Windows, AppData da WinSxS kuma kada ki taɓa su sam.

Tambaya: Na ga wani ɓoyayyen fayil, hiberfil.sys, ya haura gigabait 6. A mai da shi D?

Amsa: Ba ya ƙaura, dole ya zauna inda Windows take. Shi ke adana abin da ke cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, idan kwamfuta ta shiga dogon barci (Hibernate), kuma girmansa kusan kashi 40 cikin 100 na RAM ne, wato gigabait 6.4 ga mai RAM gigabait 16. Idan ba ka amfani da dogon barcin, buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa (Run as administrator), rubuta powercfg /h off, fayil ɗin zai ɓace nan take. Saurin tashin nan na Fast Startup zai tafi tare da shi, ko da yake a kan SSD da ƙyar za ka lura. Idan ka sake shawara, powercfg /h on zai dawo da shi.