Me ya sa ba ma ba ɓeraye zoɓo tun ranar farko?

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa muke shafe mako guda muna saka ɓeraye a bututu muna fitarwa, ba mu ba su ko ɗigon jiƙon zoɓon da za mu gwada a kan hawan jini ba, alhali ga shi can a firji yana jira. To, ja kujera.

Ɓera matsoraci ne. Da ma can zuciyarsa tana bugawa sau 300 zuwa 400 a minti. Ranar farko da ka cusa shi a bututu ka zura masa zoben awon jini a wutsiya, gudun zuciyar zai ƙaru, jini ya hau. Abin da na'ura ta nuna maka ran nan firgici ne kawai. In ka rubuta shi a matsayin awon farko, ka fara ba shi zoɓo, bayan kwanaki ya saba da hannunka jinin ya sauka, sai ka hau murna wai zoɓo ya yi aiki. Ko ruwan famfo ka ba shi, haka za ka gani. Shi ya sa sai ɓera ya kai yana shiga bututu ya kwanta lamo kafin mu yarda da lambarsa.

Ka kula da wutsiyar ma. In ta yi sanyi jijiyoyinta kan tsuke, na'ura ba za ta ji bugun jini ba, don haka ake ɗan ɗumama ɓeran. Ɗumi na ce, ba gashi ba. Zafi ya yi yawa, awo ya lalace. Lokaci ɗaya kullum, hannu ɗaya, ɗaki shiru, wayarka a kashe. Awon farko-farko a zubar, a ɗauki tsaka-tsakin waɗanda suka biyo baya.

Lafiyayyen ɓera lambar sama ta awon jininsa takan tsaya wajen 120, to me zoɓo zai saukar? Dole sai mai hawan jini. Akwai irin ɓerayen da masu bincike Okamoto da Aoki suka samar a Kyoto ta ƙasar Japan a 1963, waɗanda jininsu ke haura 180 da kansa in sun girma. Mu da ba mu da su, sai mu zuba L-NAME a ruwan shansu, sinadarin da ke hana jijiyoyi sakewa, ko mu cika musu gishiri a abinci.

Sannan a raba su rukuni-rukuni. Wasu ruwa zalla, wasu captopril, maganin asibiti da aka san aikinsa, sauran kuma jiƙon, kaɗan da matsakaici da mai yawa, gwargwadon nauyin kowane ɓera. Masu captopril ɗin nan su ne alƙalanka: in nasu bai sauka ba, kada ka zargi zoɓo, na'urarka ko hannunka ne da matsala.

Abin da na fi ƙi shi ne gaggawar wasu, su sumar da ɓera su ɗura masa jiƙo ta jijiya, jini ya faɗi nan take, su ce an samu magani. Ganyaye da yawa cike suke da fotashiyam, zoɓo kuma ga tsami. Ka zuba irin wannan kai tsaye cikin jini, faɗuwar ɗan lokaci ba abin mamaki ba ce. Mutane sha suke yi, don haka ta baki za mu bayar, makonni a jere, a ƙarshe mu duba hanta da ƙoda. Reserpine da aka ciro daga saiwar wani tsiro na Indiya a 1952 ya saukar da hawan jini sosai, amma illolinsa na cikin abin da ya sa likitoci suka ja baya da shi.

Yanzu tashi ka auna nauyinsu, ka sabunta alamar da ke wutsiyar kowanne, tawadar ta fara gogewa. Na keji na uku yana cizo, ka sa safar hannu.