Makinsa ya ninka a bana: ƙwarewa ce ko ƙarin lokacin wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Akwai wani yaron unguwarmu da ya samu gurbin karatu a wata jami'a a Amurka, yana kuma buga musu ƙwallon kwando. Bara da ƙyar yake cin maki, bana kuwa makin da yake ci a kowane wasa ya kusan ninkawa. Mu dai murna muke ta yi, amma wani abokina ya ce wannan ba hujja ba ce. Ta yaya ake gane cewa ɗan wasa ya ci gaba da gaske daga kaka zuwa kaka? Mai karatu daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa yaron nasibi. Abokinka yana da gaskiya, amma kada hakan ya rage muku murna, domin koci ba ya ƙara wa yaro lokaci a fili sai ya ga wani abu a wurin atisaye.

Abu na farko da nake tambaya shi ne minti nawa yake bugawa. Wasan maza na jami'o'in Amurka minti 40 ne, 20 kafin hutun rabin lokaci, 20 bayansa. A ce bara yaron yana buga minti 12 yana cin maki 6, bana kuma yana buga minti 24 yana cin 12. To, bai motsa daga inda yake ba, lokaci kawai aka ninka masa. Shi ya sa ake raba makin da mintin, sannan a ninka da 40, a ga abin da zai ci da a ce ya buga wasan gaba ɗaya. Duba Keegan Murray na jami'ar Iowa. A kakar 2020-21 yana fitowa daga benci, minti 18, maki 7.2. Da Luka Garza, wanda ƙungiyar ta dogara a kansa, ya kammala ya tafi, sai Murray ya koma buga kusan minti 32 yana cin maki 23.5. Idan ka yi lissafin minti 40, ya tashi daga 16 zuwa sama da 29. Ka ga ko an cire batun lokaci, tazarar tana nan da girmanta, kuma a 2022 ƙungiyar Sacramento Kings ta ɗauke shi na huɗu a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka.

Abin da ya fi burge ni a lamarin Murray shi ne nauyin da ya ɗauka. Yaron da ke wasa a inuwar babban ɗan wasa yana samun ƙwallo a sarari, domin masu tsaron gida biyu sun taru a kan wancan. Ranar da babban ya tafi, idon kowa ya dawo kansa, kocin abokan hamayya ya kwana yana kallon bidiyonsa, a ɗora masa wanda ya fi iya tsaro. A al'ada, wanda aka ƙara wa yawan jifa, kason jifansa da ke shiga kwando yana ɗan sauka. Idan jifan ya ƙaru kuma kason ya tsaya ko ya hau, wannan ci gaba ne da ba a musu a kansa. Murray ya tashi daga kusan kashi 30 cikin ɗari a jifan maki uku, wato jifan nesa daga bayan layi, zuwa kusan kashi 40, alhali shi kowa ke gadi.

Sai dai jifan maki uku yana da yaudara, kuma a nan nake so ka tsaya sosai. Victor Oladipo, wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ya ci 10 cikin 48 a jami'ar Indiana a kakar 2011-12, wato kashi 20.8. A kaka ta gaba ya ci 30 cikin 68, kashi 44.1. A takarda kamar an canza mutum. Amma 68 jifa ne kaɗan: da biyar kawai daga cikinsu sun bugi bakin kwando sun fita, da kason ya faɗo ƙasa da 37. Ka kwatanta da Buddy Hield na Oklahoma, wanda ya ci 93 cikin 259 a 2014-15, sannan 147 cikin 322 a 2015-16. Daga kashi 35.9 zuwa 45.7, a kan jifa sama da ɗari uku. Sa'a ba ta raka mutum wannan doguwar tafiyar. Oladipo ya ci gaba ƙwarai, amma ni inda na fi ganin nasa shi ne zaɓen jifa da tsaron gida: kusan kashi 60 na dukkan jifansa sun shiga a 2012-13, kuma shi aka zaɓa gwarzon mai tsaro na Big Ten, rukunin jami'o'in da Indiana ke karawa a ciki, a shekarar. Don haka ka nemo adadin jifan yaronku, kada ka tsaya a kason kaɗai. Ka kuma duba jifan kyauta, wanda ake yi daga layi bayan an yi wa mutum keta. Babu mai tare shi, nisan ɗaya ne kullum, don haka shi ne yake faɗar gaskiyar hannu. Wanda kasonsa ya hau a nan, hannunsa ya gyaru.

Dokoki ma suna canza lambobi. A 2015-16 aka rage lokacin da ƙungiya za ta riƙe ƙwallo kafin ta yi jifa daga daƙiƙa 35 zuwa 30, wasa ya ƙara sauri, maki suka ƙaru. A 2019-20 aka ja layin maki uku baya a ajin manyan jami'o'i, zuwa mita 6.75. Haka nan idan an sauya koci, ko yaron ya koma wata makaranta, wanda ya zama ruwan dare tun 2021, dole a tambayi da wa yake karawa yanzu. Wasannin Nuwamba da Disamba sau da yawa manyan jami'o'i na gayyatar ƙanana ne su lallasa su a gida. Ka ware wasannin da makarantarsa ke yi da jami'o'in rukuninta, na Janairu zuwa Maris, ka kwatanta su da na bara.

Bayan lambobi sai ido. Ka nemi cikakken wasa biyu, ɗaya na bara ɗaya na bana, ban da gajerun bidiyon da ake haɗa wuraren da ya burge kawai. Ka bar bin ƙwallo, ka sa idonka a kansa shi kaɗai na minti biyar. Idan an tura shi ɓangaren hannunsa mara ƙarfi, yana wucewa ko yana tsayawa ya mayar da ƙwallo baya? Idan mutum biyu suka rufe shi, yana ɗaga kai ya ga abokinsa da aka bari, ko ƙwallon tana suɓuce masa? A tsaro, ka kalli ƙafafunsa: wanda bai iya ba yana miƙe tsaye yana kai hannu, sai alƙali ya busa masa; wanda ya koya yana durƙusar da gwiwa, ya ja ƙafa gefe, ya riga mutum isa wurin. A wasan jami'a keta biyar ke fitar da mutum, don haka dogon yaron da ya rage keta ya ƙara wa kansa minti da kansa. Sannan ka lura ko yana cikin fili a minti huɗun ƙarshe idan wasa ya yi zafi. Nan ne koci yake nuna wanda ya amince da shi.

Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya isa misali. A kakarsa ta farko a jami'ar Houston, 1981-82, maki 8.3 yake ci, yawanci daga benci. A hutun bazara ya riƙa zuwa cibiyar wasanni ta Fonde a birnin yana karawa da Moses Malone, wanda a lokacin yana cikin manyan NBA. Da ya dawo ya ci 13.9, sannan 16.8 a kaka ta uku. Tashin makin ba mai ban mamaki ba ne, amma a 1983 shi aka ba kyautar gwarzon gasar jami'o'i ta ƙasa duk da cewa Houston ta sha kashi a wasan ƙarshe, saboda yadda ya hana kowa sakat a ƙarƙashin kwando, yana tare jifa yana cafe ƙwallon da ta dawo.

Shafin makarantar yaron a intanet yana ɗauke da alƙalumansa na kowace kaka. Ka ɗebo min mintinsa, adadin jifansa da waɗanda suka shiga, jifan kyauta, sau nawa ƙwallo ta suɓuce masa, da ketarsa, na bara da na bana. Ka faɗa min kuma ko akwai babban ɗan wasan da ya bar ƙungiyar. Idan ka aiko, in sha Allah za mu zauna mu yi lissafin tare a wannan fili.