Dalilin da ya sa na buge hannunka a kan injin 504

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa na daka maka tsawa jiya, har na buge hannunka a gaban abokan aikinka, lokacin da ka ɗora sifana za ka juya injin Peugeot 504 ɗin nan bayan mun cire masa kulas, wato murfin kan injin. Ban saba yi wa yaro bayanin tsawata ba, amma tambayarka ta tuna mini da marigayi Alhaji, wani mai 504 da nake yi wa gyara, Allah ya jiƙansa, saboda haka zan amsa maka sau ɗaya.

Injin 504 ba kamar na Toyotar da kuka saba gani ba ne. Gangar jikinsa ƙarfe ce, kulas ɗinsa na alminiyam ne, bututun da fistan yake hawa da sauka a ciki kuwa, wanda muke kira shemiz, zura shi aka yi, ruwa yana zagaye shi, kuma kulas ne yake danne shi. Idan ka cire kulas ka juya inji, fistan zai ɗaga shemiz, abin da ya toshe gindinsa ya saki, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Shi ya sa ake danne shemiz da ƙusa da faffaɗan wosha kafin a taɓa komai. Batun tsiyaye ruwa da jeranta ƙusoshi ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya shekara a gareji bai san wannan ba gara ya koma gona.

Alhaji ba attajiri ba ne. Ɗan shagon atamfa da shadda gare shi a babbar kasuwar Garwa, shagon da mutum uku ba za su zauna a ciki su miƙe ƙafa ba, amma ya yi shekaru yana tara kuɗi har ya sayo farar 504 haɗin Kaduna. Yana da ɗan littafi a aljihun mota inda yake rubuta ranar da aka canza mai da tafiyar da motar ta yi. Ba ya yarda a buga masa ƙofar motar. Kowace Juma'a bayan la'asar yakan zo garejina ko babu abin da ya lalace, ya sa a tayar da injin, ya karkata kai yana saurare, kuma sau biyu ya riga ni jin ƙarar da ba ta dace ba. Samarin yanzu masu toshe kunne da waya, ko injin yana kuka kamar akuya ba za su ji ba.

A farkon shekarar 1994 ya kawo ta domin tana ɗan cin ruwa. Na cire kulas da hannuna, sai aka aiko mini da rasuwa a unguwarmu, na bar wani yaro da ya yi shekara uku a wurina, na ce ya kankare dattin da ke kan fistan kawai, ya jira ni. Shi kuwa don ya sami sauƙin aiki sai ya riƙa juya injin yana ɗago fistan ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga shemiz ya motsa, sai ya mayar da shi da ƙotar guduma, ya share wurin tas, ya ja bakinsa ya yi shiru. Wannan shirun ne ban yafe ba har yau. Da ya faɗa mini, aikin yini ɗaya ne da 'yan kuɗi kaɗan. Na dawo na rufe injin, na gwada ta a cikin gari lafiya lau, na miƙa wa Alhaji makulli ina alfahari.

Bayan kwana huɗu ya kama hanyar Marwa da iyalinsa za su biki. Ba su wuce Figil ba injin ya buga. Da na isa wurin na zaro sandar awon mai, abin da na gani kamar shayi da madara, nan take na san karanshaf, ƙarfen da fistan yake juyawa, ya tafi. Ka tuna kuma a watan Janairun shekarar ne aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk wani kayan gyara da ke zuwa daga Turai ya yi tashin gwauron zabo. Na sayar da babur ɗina da ɗan bijimin da nake kiwo, na je har Yola neman karanshaf, na yi wata biyu ina aiki ba riba. Yaron kuwa tun daren da aka jawo motar ya tattara kayansa, daga baya na ji yana acaɓa a Kusiri.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Alhaji bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kullum yakan rufe shago ya zo ya zauna a kan bencin nan da kuke barci a kai, yana miƙo mini sifana, yana tambayar sunan kowane ƙarfe. Ya so ya biya rabin kuɗin, na rantse ba zan karɓa ba, sai ranar sallah na ga an kawo wa maiɗakina turmin atamfa biyu ba tare da an ce daga wa ba. Ya ci gaba da hawan motar har ƙarshen rayuwarsa, littafin nan kuma sai da ya cika uku. Da ya rasu magada suka sayar da ita ko sallama ba su yi mini ba, ƙarshen ganina da ita an yanke bayanta ana jigilar itace a hanyar Pitowa.

Gobe da safe, kafin mai motar nan ya iso, ka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburina, za ka ga ƙusoshi da wosha a ɗaure cikin tsumma. Ka danne shemiz huɗun nan, sannan ka kira ni in duba kafin hannunka ya sake kusantar sifana.