Matasan ajina sun ƙi buɗe baki su yi addu'a

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya iyali?

Zancen yaran nan da ikilisiya ta ɗora mini ne ya sa na rubuto miki. Shekara uku ke nan ina riƙe da ajin matasa, kuma gaskiya na gaji. Ba sa addu'a, Mama. Ba sa yi. In waƙa ce, kafin a taɓa ganga sun miƙe. In wasan kwaikwayon Kirsimeti ne, har faɗa suke yi a kan wanda zai fito a Hiridus. Amma da na ce mu yi addu'a sai ki ga kowa ya sunkuyar da kai, ki ɗauka tsoron Allah ne, ashe waya ce a ƙarƙashin benci.

Ba abin da ban yi ba. Muna haɗuwa kowace Asabar daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Ni nake buɗewa da addu'a, ba na wuce minti ashirin, don su ji yadda ake yi. Sai koyarwa ta awa ɗaya. Wata uku cur na yi a kan muhimmancin addu'a: Daniyel da yake durƙusawa sau uku a rana, Hannatu, Iliya a Dutsen Karmel. Na rubuta musu ayoyi goma sha biyu a allo, sun kwafa, na yi musu gwaji, yawancinsu sun ci. Amma a ƙarshen taro in na nuna ɗaya na ce wane, rufe mana da addu'a, sai shiru. Ko ya ce "Uba mun gode, mun gode, mun gode, cikin sunan Yesu, amin," sauran su fashe da dariya. Wannan addu'a ce?

Na shirya musu kwanan addu'a, daga goma na dare zuwa biyar na asuba. Kafin ƙarfe ɗaya rabinsu sun yi barci, rabin suna waje suna hira. Na sa azumi, biyu kaɗai suka yi. Na ƙwace wayoyi, iyaye suka zo har gida wai na matsa wa 'ya'yansu. Su iyayen da ba sa taimakona da komai! Dattawa kuma a taronsu sai su ce matasanmu sun yi sanyi, suna kallona. Ni na sa musu sanyin? Ni na saya musu wayar?

Kuma ba sa jin kunya. In na tambaya sai kowa ya kawo dalili: wannan karatun WAEC, wancan aikin gida, wani ma ya ce shi tun da babansa ya rasu bara ya daina, na ce masa ya kiyayi bakinsa kada ya yi saɓo, wata kuma wai ba ta san abin da za ta faɗa ba. Bayan wata uku ina koyarwa! Duk wayar nan ce, Mama. A lokacinmu wa ya isa a ce ya yi addu'a ya tsaya yana kallon ƙasa?

Yanzu abin da nake tunani: duk wanda ba zai iya tsayawa ya yi addu'ar minti biyar a gaban aji ba, kada a sa sunansa a ajin baftisma, kuma kada ya je taron matasa na hutu. Na kai wa Baba Fasto maganar, ko in ajiye aikin kawai? Don ni na gaji, ba sa addu'a, ba sa yi.

Malamin matasa, Kafanchan

*

Ɗana, salama. Shekara uku kana ba da Asabar ɗinka ba tare da ko sisi ba, Allah ya sāka maka. Ba zan goyi bayan kowa ba, kai da yaran duk nawa ne. Amma kafin mu taɓa zancen waya, koma ka karanta wasiƙarka, wurin da ka jera dalilansu. Tsakanin WAEC da yarinyar da ba ta san abin faɗa ba ka cusa wani yaro, ka wuce da gudu.

Babansa ya rasu bara. Ba ka gaya mini shekarunsa ba, ba ka ce ko jinya aka yi ba. Amma yaron da ya ce ya daina, ai dā yana yi ke nan. Ya roƙa, mai yiwuwa da kuka, aka kuma binne uban. A ajin nan kaf shi ne ya gaya maka gaskiya game da addu'a, kai kuma ka ce masa saɓo. Sauran suna zaune suna ji. Darasin da suka ɗauka ran nan ya fi na wata ukunka shiga: a gaban malam, da gaban Allahn malam, ba a faɗin abin da ke zuci. To me ya rage musu in ba "mun gode, mun gode" ba?

In maganar yaron saɓo ce, sai ka fara da Marta da Maryamu. A Yohanna 11, aya 21 da 32, kowacce ta dubi Yesu ta ce da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba. Bai tsawata musu ba, a aya 35 hawaye ya zubar. Dauda ya kwana a ƙasa yana azumi saboda ɗansa, a rana ta bakwai yaron ya mutu, yana nan a 2 Sama'ila 12. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, ba a cire ba. Ubangiji da kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon. Kai ka zaɓo musu Daniyel da Hannatu da Iliya, waɗanda duk aka amsa musu yadda kowa ya gani. Wanda aka koya wa rabin nan kaɗai, ranar da ya roƙa bai samu ba zai ce ko Allah ba ya ji, ko shi ne ba a so.

A makon nan ka je gidansu, kai da wani dattijo ko wata uwa daga Zumuntar Mata wadda yaron ya saba da ita. Ka ba shi haƙuri kai tsaye, ba tare da "amma" ba. Kada ka yi wa'azi, kada ka ce mu durƙusa. Tambaye shi labarin babansa, ka yi shiru. In ka ga ya daina cin abinci ko barci, ya janye daga abokai, ko yana maganar gara ya mutu, wannan ya wuce ajin Asabar: a sanar da mahaifiyarsa da fasto ran nan, a kuma kai shi ya ga likita.

Sai ajin. Minti ashirin da kake cewa ba ka wucewa, ɗana, Addu'ar Ubangiji ba ta cika minti ɗaya ba. Da almajirai suka ce a koya musu addu'a, a Luka 11, ba a yi musu wata uku a kan muhimmancinta ba, kalmomi aka sa musu a baki. A Matiyu 6 kuma an ja kunne a kan yawan magana da yi don mutane su gani. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ya saurari babba yana zuba minti ashirin da manyan kalmomi, abin da ya koya shi ne wannan aikin gwanaye ne. Sannan ka nuna shi da yatsa ba shiri, a gaban 'yan mata, muryarsa ma tana cikin fashewa. Yarinyar da ta ce ba ta san abin faɗa ba ita ma gaskiya ta faɗa. Ka gwada su a takarda sun ci, domin sanin ayoyi ka koyar.

Ga yadda za ka juya awa biyun nan. Addu'arka ta buɗewa kada ta wuce jimla huɗu, da irin Hausar da kake sayen tumatir da ita. Koyarwa minti ashirin. Sai ka raba su uku-uku, maza daban mata daban, kowane rukuni a kusurwarsa. Uku nake so, don in biyu ne ɗaya ya yi shiru abin ya mutu, in sun kai biyar kuwa an sake samun 'yan kallo. Kowa ya faɗi abu ɗaya da ke damunsa, na damansa ya roƙa masa da jimla ɗaya tak. Minti bakwai sun isa. Wanda ya ce yau a tsallake shi, a tsallake shi. Da Hausa, da Turanci, da yaren gida, duk wanda ya zo bakinsa. Makon farko za a yi dariya, kada ka kula. Dariyar kunya ce, takan mutu da kanta in ba a tanka mata ba.

Mako shida na farko ku bi Addu'ar Ubangiji gaɓa-gaɓa, roƙo ɗaya kowace Asabar, kowa ya mai da shi nasa. Ranar abincin yini, bari su ambaci kuɗin makaranta da na rajistar JAMB, abincinsu ke nan. Ranar gafara, a ba su takarda su rubuta sunan wanda suke riƙe da shi a zuci, su yage da kansu, ba mai karantawa. Bayan nan ku shiga Zabura 13. Aya shida ce kawai: biyu na kuka, inda ake ta tambayar har yaushe, biyu na roƙo, biyu na dogara. Kowa ya rubuta tasa a kan wannan tsari. Wanda ya tsaya a kan biyun farko ya kasa ƙarasawa, ka bar shi, ka nuna masa Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu kuma ba a cire ta daga Littafi ba.

Kowa ya samu ƙaramin littafin rubutu: kwanan wata, abin da ya roƙa, abin da ya faru. A wurin abin da ya faru a yarda a rubuta "an ba ni", ko "har yanzu", ko "ba a ba ni ba". Kai ba ka duba littafin. Abin da aka faɗa a rukuni kuma ya tsaya nan, sai fa in yaro yana cikin haɗari. Ranar da sirrin wani ya fito a taron dattawa da sunan "mu sa shi a addu'a", ka rufe bakinsu har su yi aure.

Wayar da ka ɗora wa laifi duka, laifi tudu ne. A ajiye wayoyin cikin kwando ɗaya lokacin rukuni, wayarka a sama. A gida kuma su sa ƙararrawarta ta tuna musu da minti biyar a lokaci guda kullum, manne da abin da suka riga suka saba, kamar bayan wanka kafin a sa kayan makaranta. Kwanan addu'a ka jingine shi tukuna. Bitrus da Yakubu da Yohanna, manya da su, sau uku aka same su suna barci a Getsamani, balle yaron da ya wuni yana ɗiban ruwa. In dole ne, shida zuwa takwas na yamma, a sallame su da sauran mutane a hanya.

Ku kuma iyaye masu karanta shafin nan, kada ku yi murna an taɓa malam. Awa biyu yake da su a mako, sauran suna hannunku. Sujadar asuba da ake tashin yara da tsawa, uba ya yi addu'ar rabin awa yana jera laifofinsu wai Allah yake gaya wa, wannan faɗa ne da ido a rufe, kuma sun gane. Yaushe ɗanka ya taɓa jin ka ce Ubangiji ka gafarta mini, na yi fushi jiya? Yaushe kika ce wa 'yarki yi mini addu'a, kasuwa ta ƙi? Ku rage ta zuwa minti goma, kowa ya samu jimlarsa, har autan gida.

Zancen hana baftisma kuwa, kada ka kai shi ko'ina. Za ka sami masu haddace minti biyar su zuba maka, mai kunya da maraya su bar coci. Aikin ma ba ka ajiye shi. Abin da za ka kai wa Baba Fasto shi ne roƙon mataimaka biyu, namiji da mace, don kai kaɗai ba za ka zauna cikin rukunin 'yan mata ba. Ka rubuto mini bayan mako shidan, ka fara da labarin yaron nan.